Wa Zai Duba Mana Kwando Yanzu?

Daga Allah muke, kuma Dada ta riga mu komawa gare Shi ranar wata Talata a tsakiyar damina, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba. Surukata ce, mahaifiyar maigidana. Ban taɓa kama sunanta ba tana raye, ba kuwa yau zan fara ba. Dada kowa yake ce mata a Nassarawo, har liman ɗin da ya sallace ta.

Na ɗauka zaman makokin tsohuwa za mu yi, dangi da maƙwabta, a yi addu'a a sha kunu a watse. Kafin azahar tabarmin gidan sun ƙare, muka aro na maƙwabta, su ma suka ƙare. Matan kasuwa masu ganye da kayan miya suka rufe tirensu suka zo. Matan Fulani daga wajen Sorau suka sauke ƙwaryar nono a gindin mangwaro suka zauna shiru. Yafendo, ƙanwar Dada wadda take Kirista, ta shigo da matan zumuntarsu, kowace ta ɗaura ɗankwali ta rufe kafaɗa. Maigidana ya leƙo daga zaure ya ga tsakar gida babu masaka tsinke, ya koma yana share ido. Daga baya ya ce mini shi bai san uwarsa tana da jama'a haka ba. Ni na sani, domin ni ce a gida da keken ɗinkina duk safiyar da suke sallama, shi yana can wajen aiki.

Cikin masu ganyen akwai wata gajeruwa mai kauri, maƙwabciyarmu ta bayan layi. Ta yi haƙuri har aka shafa fatiha, sannan ta ɗora hannu a ka ta fashe.

"Wayyo, Dada ya tafi! Ga ruwa yana sauka, ga suri yana haihuwa. Wa zai duba mana kwando yanzu?"

Aka yi ta ba ta baki. Yafendo leɓe kawai ta turo wajen da nake tsugune ina zuba kunu a kofuna. Idanu suka juyo kaina. Na ajiye ludayin, na yi kamar ana kirana a ɗaki.

Wanda ba ɗan nan ba ba zai gane kukan matar nan ba, bari in faɗa. In damina ta kankama, akwai abin da yake fitowa a jikin suri, gidan gara, fari mai laima. Mu a Katsina laimar kwaɗi muke ce wa duk danginsa, 'yan boko kuma na ji suna cewa naman kaza. Dada da Hausarta naman suri take kiransa. Mutanen ƙasar nan suna cinsa, suna kuma mutuwar sonsa. Matsalar ita ce yana da 'yan'uwa masu kama da shi kamar an tsaga kara, waɗansu su sa mutum amai da gudawa, waɗansu su kai gida guda kushewa. Shi ya sa duk wadda ta tsinko, ko ta saya a bakin hanya zuciyarta ba ta kwanta ba, sai ta biyo da kwandonta ta gidanmu. Dada ta gyara shi ɗaya bayan ɗaya. In ta gama ta ce, "A dafa," to an dafa ke nan. Shekara ashirin da ɗaya na yi a gidan nan, ban ji wanda ya ci abin da ta ce a dafa ya kwana da ciwon ciki ba.

Ranar da na fara ganinsa a hannunta ina amarya, sai da na toshe hanci. Na raɗa wa maigidana cewa ashe gidan masu cin laimar kwaɗi aka kawo ni. Dada tana da kunnen maciji, ta ji. Ta ce, "'Yar Kano, kwaɗo ma ya san abu mai daɗi." Na gaya mata sau ɗari ni Bakatsiniya ce, amma a wurinta duk Bahaushe daga Kano ya fito. "Ka" take ce mini kamar namiji, har na daina jin abin. Ranar ta yi miyar gyaɗa da yakuwa ta zuba naman surin a ciki. Na ce na ƙoshi. Da aka bar ni da wanke-wanke na lakaci gindin tukunya don in san abin da zan ba 'yan'uwana labari, sai ga ni na suɗe ta tas. Ina ɗagowa na gan ta a ƙofar madafa tana kallona. Ba ta yi dariya ba, ta dai ƙara mini a kwano washegari.

Ni mace ce mai gaggawa. In na ɗora tukunya so nake ta tafasa don ta ga fuskata. Saboda haka zaman da Dada take yi da kwando ya fi komai ci mini rai a farkon zuwana. Za ta shimfiɗa buhu inda haske yake, ba cikin ɗaki ba, ta miƙe ƙafa. Faifai ɗaya a dama, wani tsohon kasko a hagu. Kayan aikinta ɓawon kara ne da gashin kaza guda. Ba ta yarda a juye kwando, da hannu take zaro kowane ɗaya. Ta fara duba gindinsa, ta kankare jar ƙasar da ɓawon karan a hankali, daga sama zuwa ƙasa, ba ta taɓa gutsure shi. Ta shafa tsakiyar kansa da babban yatsa. Ta kifa shi ta bi layin da ke ƙasan laimar da gashin kazan, ta kore yashi da ƙananan ƙwari. Ta tsaga shi biyu da hannu daga tsaye ta ga ko tsutsa ta riga mu. Ta sunsuna. Sannan ya tafi dama ko ya tafi hagu. Ruwa kuwa sai can ƙarshe, mai ya riga ya yi zafi a wuta, ta ɗauraye shi sau ɗaya da sauri ta tsane. Takan ce, "Naman suri soso ne. In ya sha ruwa ba zai sha miya ba."

Masu dabara sun sha zuwa mata da tasu. Wata ta ce in an jefa zoben azurfa a tukunya bai yi baƙi ba, lafiya lau ne. Wata ta ce duk wanda ƙwaro ya ci, mutum ma zai ci. Dada ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Kai ƙwaro ne?" Ni ma ina roƙon mai karanta wannan kada ya ce ya koyi wani abu daga bakina ya nufi suri. Abin nan hannu da hannu ake karɓarsa, shekara da shekaru.

Sau ɗaya muka yi faɗa da ita, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daminar da ta biyo bayan shekarar da rikici ya sa muka gudu muka bar garin ce. Mun dawo mun tarar da gida kamar an share da tsintsiya, ba awaki, ba kaji, ba keken ɗinki. Maigidana yana fita nema yana dawowa hannu rabbana. Wata biyu 'ya'yana uku ba su ga abin da ya yi kama da nama ba, kullum kuka da gishiri. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa Dada ta fita tun da asuba, ba ta dawo ba sai hantsi, zaninta jiƙe har gwiwa, kwando cike a ka. Yaran suka kewaye ta suna tsalle. Ta sauke ta ce gwiwoyinta sun riƙe, bari ta ɗan miƙe bayanta ta fito.

Ni kuwa neman suna ya kama ni. Na ce tsohuwar nan ta yi tafiyar awa uku, bari in hutar da ita. Na juye kwandon duka a baho na tuttula ruwa, na cuɗa shi kamar ina wanke shinkafa, na sake ruwa har sau uku. Na ga kowane yana da wata doguwar jela mai jar ƙasa da ta ƙi fita, na ɗauko wuƙa na bi su na datse, na watsa a kwata ruwa ya tafi da su. Na yayyanka sauran fari tas, gwanin kyau. Har na zuba ɗan man gyaɗan da ya rage mana a tukunya, albasa ta fara ƙamshi, sai ga ta ta fito.

Ta tsaya a kan bahon ta daɗe. Ta sa hannu ta juya.

"Ina wutsiya?"

"Na yanke, Dada. Duk ƙasa ce."

"Ka yanke."

Ta ɗauki bahon da hannu biyu, ta zaga bayan ɗaki, ta ɗauki fartanya ta fara haƙa rami. Na bi ta ina cewa me za ki yi, ai ke kika tsinko su da hannunki. Ta ce, "Hannu ya tsinka, ido bai duba ba. Rabi ma wata mata ne ya ƙara mini a hanya. Wutsiya ne yake faɗa mini daga ina ya fito. Yanzu duka sun zama ɗaya, ni ban san su ba." Ta juye bahon a ramin ta mayar da ƙasa ta tattake da ƙafa. Autata ta fashe da kuka.

Nan shaiɗan ya hau kaina. Ni da aka yi wa tarbiyyar ko ido kada in haɗa da suruka, na buɗe baki na ce, "Wannan wace irin mugunta ce? Da yunwa za ki kashe mini 'ya'ya saboda taurin kai irin na tsufa?"

Dada ta jingine fartanyar, ta kakkaɓe hannu, ta dubi autar da ke birgima a ƙasa.

"Yaro mai yunwa gobe zai tashi ya yi kuka," in ji ta. "Ni kukan nake so na ji."

Ranar kuka da gishiri muka sake ci, da soyayyar albasa a kai. Kwana uku ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa, ita ma ina yi ne kaina a ƙasa. Ina ta jiran maigidana ya kira ni ya ce in haɗa kayana. Shiru. A rana ta huɗu aka sake ruwa mai tsawa, gari na wayewa na ji ana buga mini ƙofa da sanda.

"'Yar Kano, ɗauko kwando. Wanda ya yanka wutsiya sai ya je ya ga inda wutsiya yake zuwa."

Muka tsallake mayo, wato rafi, ruwa iya cinya, muka bi ta cikin masara har gindin dutse inda tsohuwar gonar mahaifinta take. Akwai wani suri a nan da ya fi ni tsawo. Wallahi ban taɓa ganin abu irin wannan ba: gefensa duka ya yi fari, sun fi ɗari, wasu sun buɗe wasu ba su buɗe ba, raɓa na ɗiga a kansu, jiya kuma in ji ta ko ɗaya babu. Na tsaya baki sake. Ta durƙusa da gwiwoyin nan nata masu ciwo, ta soka tsinken itace a gefen ɗaya, ta yi ta rarakewa a hankali har ta zaro shi ɗungurungum. Jelar ta kai tsawon kamu ɗaya, tana sirancewa kamar ta ɓera. Ta ce wannan jelar har ɗakin gara take kaiwa, can aka haife shi. Na banza a sama yake zaune, gindinsa dunƙule kamar albasa, wani ma cikin 'yar jaka. Ta mayar da ƙasa ta toshe ramin da tafin hannu. Na ce don me? Ta ce, "Gara ne ya yi noma, mu ɓarayi ne. Ɓarawo mai hankali yana rufe ƙofa." Ƙananan kuma ta hana ni taɓawa.

Maganar da na gaya mata ba ta sake tayar da ita ba har ta koma ga Allah. Sai bayan shekara shida ni da kaina na ba maigidana labari, ina zaton ya sani ya share. Ya zaro ido ya ce yau ya fara ji.

Tun daga ranar ta sa ni zama kusa da buhun. Da farko gashin kaza kawai aka yarda in riƙe. Na yi damina biyu kafin a ba ni ɓawon kara. In na yi sauri ta buge mini hannu a gaban baƙi, ni da 'ya'yana sun fara tasawa. In na aika wani dama ta ɗauko ta sake dubawa, ko da daidai ne.

Da yanar ido ta rufe mata idanu duka biyun, na ɗauka mata za su daina zuwa. Ko ɗaya ba ta fasa ba. Abin da na gani da idona a shekarun nan shi ya sa nake wannan rubutu. Wata rana maƙwabciyar nan mai ganye ta kawo babban kwando, 'yarta ta haihu, za ta yi wa masu zuwa barka miya. Dada tana zaro su tana shafawa tana sunsunawa, fuskarta na kallon sama. Can sai hannunta ya tsaya a kan wani. Ni ina kallonsa, fari ne mai kyau, ya ma fi sauran girma, gindin ya karye wajen tsinka.

"Wannan daga ina?"

"Duka suri ɗaya ne, Dada, ni na cire."

"A'a. Wannan bai taɓa ganin gara ba. Wari na turken shanu yake yi."

Matar ta rantse. Dada ta ce in kifa shi a kan farin murfin kwano a inuwa, mu ci gaba da aiki. Ta tsamo irinsa guda huɗu a cikin kwandon, ba ta yi kuskuren ko ɗaya ba, duk ta tura hagu. Bayan la'asar na ɗaga na kan murfin, sai ga wani ƙura-ƙura mai ruwan kore ya kwanta a ƙasansa. Matar ta koma gida ta tsare mijinta da tambaya, ashe shi ne ya gan su a tsohon turke a hanyarsa ta dawowa daga gona, ya tsinko ya cusa mata a kwando don ya ƙara auki. Ta dawo ta zube a gaban Dada tana "useko, useko", godiya ke nan da Fulatanci, tana kuka. Dada ta ce ta tashi ta je ta ɗora tukunya, mai jego tana jira.

A shekarun ƙarshe ni ce idonta. Takan miƙo mini ta ce, "Wane kala ne a ƙasa?" in faɗa. Amma kalmar ƙarshe tata ce. Ko sau ɗaya bakina bai taɓa furta "a dafa" ba, ban kuma taɓa sha'awar ya furta ba.

Kwana biyu bayan addu'ar bakwai, baƙi sun watse sai Yafendo da ta ce za ta ƙara mana kwanaki. Ina shara da safe na ji sallama. Mai ganye ce, da kwando a ka, an rufe shi da ganyen ayaba. Ta sauke a daidai inda ake shimfiɗa buhu.

Na ce, "Maman yara, ki rufa mini asiri. Ni tela ce. Mai abin ta tafi da abinta."

Ta ce, "Ko ka duba ko ba ka duba ba, za mu dafa, don babu wani abu a gida. Gara ka duba."

Na waiwayi Yafendo ko za ta cece ni. Ta ce ita tun suna yara ba ta da haƙurin wannan aiki, shi ya sa uwarsu ta koya wa yayarta ita kaɗai. Ta shiga ɗakin Dada ta fito da buhun da faifan da kaskon ta ajiye a gabana, ta koma ta zauna.

Na yi bisimilla na zauna. Kwandon da Dada za ta gama kafin ruwan zafi ya tafasa, ni sai da rana ta take tsaka. Kowane na duba shi sau biyu, wani sau uku. Zufa har cikin idona. Guda uku na tura hagu, mai ganye ta ce ai waɗannan masu kyau ne, a ƙauyensu ana ci. Na ce mai yiwuwa, amma ni ban san su ba, ba kuwa za su bar gidan nan ba. Da na kai ƙarshe na dubi faifan na daɗe. Mutum bakwai ne a gidan matar nan, har da jikar da aka yi wa barka a wancan karon, yarinyar da take zuwa tana tsince mini ƙyallaye a gindin keke. Na ce, "A dafa." Muryar kamar ba tawa ba.

Washegari na dama kunu na raba wa kowa, na zuba nawa, ya ƙi wucewa. Na ɗauki kujera 'yar tsugune na kai bakin zaure inda ake hango kwanar layinsu, na zauna da kofin a hannu har ya yi sanyi. Duk keken hayar da ya shigo layin da gudu sai in miƙe. Yafendo ta fito ta same ni.

"Sha kunu mana."

"Ba ya shiga, Yafendo."

Ta jawo tabarma ta zauna kusa da ni, ta ce, "Dada ma haka. Shekara fiye da arba'in. In ya duba kwando, ba ya sa komai a baki da safe sai ya ga mutanen gidan da ido, ko ya ji muryansu. Kai kana gidan nan ba ka lura ba?"

Na lura. Na sha ganin kokonta a rufe har hantsi a damina, na sha yi mata tsiya cewa tsufa ya sa ta raina kununa. Takan ce ciki ne bai farka ba. Shekara ashirin da ɗaya ina ganin tsohuwar nan tana cewa "a dafa" kamar mai cewa a kawo ruwa, ina zaton ita ba ta san tsoro ba. Ashe kowane kwando da ya fita daga gidan nan da ita yake tafiya, ba ta kuma taɓa bari mun gani ba, balle ta ce ta gaji a kai wa wani.

Muna nan sai ga mai ganye ta ɓullo kwanar da tire a ka, jikar tana biye da ita da kayan makaranta. Ta ɗago hannu tun daga nesa.

"Mun tashi lafiya! Miya ya yi daɗi, har an yi faɗa a kan tukunya!"

Kukan da ban yi ba ranar da aka fita da Dada, ranar na yi shi, a bakin zaure, mutane na wucewa. Yafendo ta bar ni na yi mai isata. Da na lafa na kai kofin baki, sai ta dafa mini gwiwa ta ce in sha, amma kada in saki jiki tukuna, akwai mai dafin da yake lamɓo sai an kwana biyu. Yayarta safiya biyu take zama.

Allah Ya jiƙan Dada, Ya haskaka makwancinta, Ya ba ta hutun da ba ta samu ba duk damina. Yanzu babu kwandon kowa a wuyanta. Ni kuwa na bar kujerar a bakin zaure, ban mayar da ita ciki ba.